Tafi-da-gidanka: gidan da aka gina da jinga

Kafin wayar hannu ta zo ta ƙwace sunan, tafi-da-gidanka a bakin Bahaushe mota ce da aka yi wa ɗaki a baya, irin ta Turawan yawon buɗe ido da ke ratso Sahara su biyo ta Agadas su sauko Kano da gadonsu da tukunyarsu a ciki. A ƙasar Hausa abin kallo ce da ake gani jefi-jefi. A Amurka kuwa masana'anta ce sukutum, mai ɗaukar dubban ma'aikata. Can ana kiranta RV, taƙaitawar sunan da ke nufin motar shaƙatawa, kuma iri biyu ce. Akwai wadda ba ta da inji, ana ɗaura ta a bayan a-kori-kura a ja, ita ce ta fi yawa. Akwai kuma mai injin kanta, wadda babbarta ta kai tsawon bas. A cikin galibinsu akwai gado da kicin da banɗaki da firiji da tukunyar gas da tankin ruwa. Ƙaramar cikinsu takan kai kuɗin sabuwar mota, babbar kuwa takan zarce kuɗin gida na ƙasa.

Akwai wata shawara da tsofaffin hannu a harkar suke bai wa sabon shiga, wadda mai jinta karon farko zai ɗauka ba'a ce. Sukan ce idan ka sayi sabuwa kada ka yi nisa da ita a fitar farko. Ka kwana biyu a wani sansani kusa da dilan da ya sayar maka, da takarda da biro a hannu, kana rubuta abin da ya ɓalle da abin da ya ƙi aiki. Wasu ma sukan ce gara ka nemi wadda ta shekara biyu a hannun wani, don shi ya riga ya sha wahalar gyaran. Ga mutumin da ya saba ganin sabuwar mota fil cikin leda a matsayin ƙarshen kwanciyar hankali, wanda bai koma wa 'yar Beljiyam ba sai don ƙarancin kuɗi, wannan magana ta juya duniya sama da ƙasa. A ƙasar da ake buga misali da ingancin kayanta, ga wata kasuwa da sabon kaya ya fi na hannu ban tsoro.

Koke-koken masu saye kusan iri ɗaya ne ko'ina. Rufi yana yoyo tun ruwan farko. Bututun ruwa ya zame a bayan bango don ba a ɗaure shi ba. Ƙusa ta huda wayar lantarki. Ƙofar kabad ta faɗo a hanya. Ɗakin nan da ke zamewa waje kamar durowa idan an tsaya, don a ƙara faɗin falo, ya maƙale rabi ciki rabi waje. Kanikawa sukan buɗe bango su tarar da garin katako da guntayen waya da aka rufe a kai. Wasu daga cikin waɗannan ɓacin rai kawai suke jawowa. Amma waya da aka huda a jikin busasshen katako, ko gas da ke tsiyaya a ɗakin da yara ke barci, maganar rai ce.

Wanda yake son fahimtar dalili, sai ya nufi wata ƙaramar hukuma mai suna Elkhart a arewacin jihar Indiyana. Kusan kashi 80 cikin 100 na tafi-da-gidanka da ake ƙerawa a Amurka daga wannan yanki suke fitowa. Mai saye da ya shiga filin baje koli zai ga sunaye barkatai a jikin motoci, ya ɗauka gasa ce ta kamfanoni da yawa, alhali galibinsu 'ya'yan gida uku ne. Thor Industries, wanda aka kafa a 1980 lokacin da masu shi suka sayi Airstream, ya haɗiye Keystone a 2001 da Jayco a 2016. Forest River, wanda Peter Liegl ya kafa a 1996, ya koma hannun Berkshire Hathaway na attajiri Warren Buffett a 2005. Winnebago ya sayi Grand Design a 2016 da Newmar a 2019. Waɗannan uku sun riƙe fiye da kashi 80 cikin 100 na kasuwar. Sannan kusan dukkansu a wuri ɗaya suke sayen kayan haɗi: shasi da ƙarfen tayoyi da tagogi daga Lippert, katakon ado daga Patrick Industries, su biyun kuma a Elkhart suke. Mutumin da ya yi fushi da wani suna ya koma wani, sau da yawa ɗaki kawai ya sauya a gida ɗaya.

Dole a yi wa maƙeran adalci a kan abu ɗaya: aikin da aka ɗora musu yana da wuya tun daga tushe. Gida ana gina shi ne ya zauna wuri ɗaya, nauyinsa ma taimakonsa yake. Wannan kuwa gida ne da za a ja a kan kwalta da gudun kilomita ɗari a sa'a, ya faɗa rami, ya sha birki, ya kwana a ƙanƙara ya wuni a hamada. Dole kuma ya zama marar nauyi yadda a-kori-kurar mai gida za ta iya jansa, shi ya sa kaurin bangon mafi yawansu bai wuce inci biyu ba: siririn falanki, soso mai tauri a tsakiya, fatar faiba ko gwangwani a waje, an manne da gam. Duk inda aka huda rufin don a sa fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, danƙo ne kaɗai ke tsakanin mai gida da ruwan sama. Diloli suna son cewa gida ne da ke shan girgizar ƙasa duk lokacin da ya hau hanya. Gaskiya ne. Sai dai hujjar tana da baki biyu, domin abin da zai sha irin wannan jijjiga shi ya fi cancantar a ɗaure kowane noti nasa da natsuwa. Kuma girgizar hanya ba ta bayyana bututun da bai taɓa ɗauruwa ba tun daga masana'anta.

Yadda ake biyan masu aikin ya fi bayyana shi. Manomi a ƙasar Hausa ya san bambancin ɗan ƙodagon da aka ɗauka a kan yini da wanda aka ba jinga. Na yini yakan ja ƙafa, don faɗuwar rana yake jira. Na jinga yakan yi aiki kamar zai tashi sama, don ya gama wannan gona ya kama wata. Shi ya sa mai gona mai wayo yakan bi bayan ɗan jinga ya tona, ya ga ko ciyawar an cire ta ne ko an tura mata ƙasa a ka, domin wadda aka binne ruwan farko zai tona asirinta. Jinga ba zalunci ba ce, kuma ba ha'inci ba ce. Ma'aikaci mai ƙarfi ya fi samu da ita. Amma ba ta tafiya daidai sai da mai bin baya.

Masana'antun Elkhart da jinga suke aiki, kuma jingar taro ce. Ana biyan ma'aikatan layi bisa yawan motocin da suka fitar, a raba musu, kuma idan sun cika adadin ranar sun tashi. Sukan fara tun da asuba, da yawansu sun koma gida kafin azahar ta yi nisa. Ba injuna masu sarrafa kansu ke haɗa motar ba kamar a masana'antar Toyota ko Ford. Mutane ne, da bindigar harba ƙusa da abin ɗaure sukuru, ana turo musu gidan daga tasha zuwa tasha, kuma waɗanda suka ziyarci wurin sukan ba da labarin ma'aikata suna aiki a guje a zahiri. Tsarin ya dace da mutanen yankin. Da yawa daga cikin ma'aikatan 'yan al'ummar Amish ne, Kiristocin nan masu gudun kayan zamani, masu tafiya a keken doki, waɗanda tashin wuri ke ba su damar komawa gona da iyali da rana. Kamfanoni sukan yi tinƙaho da sunansu a talla, don an san su da iya aikin katako. Sai dai gwanin kafinta ma, idan aka ba shi mintuna kaɗan a kan kowane kabad, aikin mintuna kaɗan zai yi.

Abin da ya fi muni a jingar taro shi ne yadda take mayar da mai tsanaki abokin gabar 'yan uwansa. A masana'antun Toyota akwai igiya da aka rataya a saman layi, wadda kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga aibi, a zo a duba, in ta kama a tsayar da layin duka, kuma ko sisi ba ya raguwa a albashinsa. A inda ake biya bisa ƙidayar motoci kuwa, mutumin da ya tsaya ya ce wannan taga ba ta zauna daidai ba ya taɓa aljihun duk wanda ke layin, ya kuma jinkirta tashinsu. Ba sai shugaban aiki ya yi magana ba. Kallon abokan aiki ya isa. A 2022 jaridar Indianapolis Star ta wallafa wani dogon bincike da ta yi a kan masana'antar, inda ma'aikata da masu saye suka ba da labarin da ya zo ɗaya: gaggawa, ƙarancin horo, da motoci da ke fita alhali an san da saura.

Kasuwar kanta ba ta barin gwaninta ta zauna. Tafi-da-gidanka kayan marmari ce, ita ake fara fasa saye idan tattalin arziki ya yi tari, har masana sukan kalli Elkhart don su hango koma-baya. A 2009 motocin da aka fitar sun faɗo zuwa kimanin 165,000, rashin aikin yi a yankin ya kusa kashi 20 cikin 100, abin da ya sa Barack Obama ya je garin a watan Fabrairu na shekarar, makonni kaɗan bayan rantsar da shi. Da annobar korona ta zo, mutane suka ji tsoron jirgi da otal, sai kowa ya so gidan da zai tafi da shi. A 2021 an fitar da sama da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. A 2023 ya dawo kimanin 313,000. Masana'antar da ke haɓaka aikinta haka sannan ta zubar da kusan rabinsa cikin shekara biyu, dole ta kwashi sababbin hannu da yawa a lokacin da ta fi gaggawa, ta kuma sallame su daidai lokacin da suka fara gane aikin. A lokacin annobar an ƙara da ƙarancin kaya, ana ajiye motoci a fili suna jiran firiji ko taga, a ƙarasa su daga baya. Shi ya sa har yau masu sayen ta hannu sukan duba shekarar ƙira, su yi ɗari-ɗari da 'yan 2021 da 2022.

To ina hukuma? A nan ne lamarin ya fi ban sha'awa, domin tafi-da-gidanka ta zama jemage: ba ta cika tsuntsu ba, ba ta cika dabba ba. Gidajen da ake ƙerawa a masana'anta a kai su fili a girke suna ƙarƙashin ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya tun 1976. An cire tafi-da-gidanka daga wannan ƙa'ida bisa hujjar cewa abin shaƙatawa ce ba mazauni ba, kuma a 2018 ma'aikatar ta sake jaddada cirewar. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta tarayya, NHTSA, tana da iko a kan abin da ya shafi mota: birki, fitilu, tayoyi, nauyin da aka yarda a ɗauka. Ɗakin da ke saman tayoyin kuwa, inda mutum zai kwanta, yawancinsa an bar shi ga wata ƙa'ida mai suna NFPA 1192, wadda wata ƙungiyar kare gobara mai zaman kanta ta tsara. Mai sa ido a kan bin ta ita ce ƙungiyar maƙeran da kansu, RVIA.

A kusa da ƙofar kusan kowace sabuwar tafi-da-gidanka akwai ɗan tambarin wannan ƙungiya, kuma mai saye yakan ɗauke shi shaidar inganci. Tambarin yana da amfani, bai kamata a raina shi ba. Masu binciken ƙungiyar sukan dira masana'antu ba sanarwa, kusan duk mako takwas, su duba abubuwa ɗaruruwa: yadda aka ja bututun gas, girman waya, ƙofar tsira, na'urar jin hayaƙi. Amma abu uku ya kamata a sani game da shi. Kamfanin ne yake manna shi da hannunsa, a matsayin iƙirarin cewa ya bi ƙa'ida. Masu binciken samfuri suke dubawa, ba kowace mota ba. Kuma ƙa'idar kanta a kan gobara da lantarki da gas da ruwa take magana. Babu ruwanta da ko rufin zai kai damina uku, ko an sa sukuru a inda akwai abin da zai kama. Ga shi kuma kamfanoni sayen tambarin suke daga ƙungiyar, kuɗin yana cikin abin da ke ɗaukar nauyinta. Ba sai an zargi kowa da rashin gaskiya ba kafin a ga rauni a tsarin da ɗan jinga ne ke biyan mai bin bayansa.

An taɓa ganin abin da wannan giɓi ke iya haifarwa. Bayan guguwar Katrina ta watan Agustan 2005, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ta sayi irin waɗannan gidaje sama da dubu ɗari cikin gaggawa, ta zuba waɗanda suka rasa matsuguni. Ba a jima ba mazauna suka fara kukan ciwon kai da haɓo da sarƙewar numfashi. A farkon 2008 hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta bayyana sakamakon gwajin guda 519, inda ta tarar da sinadarin fomaldihaid, wanda ke tashi daga gam ɗin falanki, ya ninka abin da aka saba samu a gidaje kusan sau biyar a matsakaici. Tun shekarun 1980 akwai iyakar wannan sinadari a katakon gidajen masana'anta. Ba ta shafi tafi-da-gidanka ba, tunda a takarda ba gida ba ce. An sasanta ƙarar a 2012 a kan sama da dala miliyan 40, kuma a 2010 an yi dokar tarayya da ta iyakance sinadarin a irin wannan katako. Amma tatsuniyar cewa ba a zama a cikinta tana nan, alhali Amurkawa da yawa, tsofaffi 'yan fansho da waɗanda haya ta kora, ba su da wani gida sai ita, kamar yadda littafin Nomadland na Jessica Bruder ya nuna a 2017. Garantin kamfanoni da dama ma yana faɗuwa idan aka gano mutum ya mai da ita mazauni na dindindin.

Inda NHTSA ke da iko takan yi motsi. A 2015 ta ci Forest River tarar dala miliyan 35, biyar nan take, talatin a jingine, saboda rashin kai rahotannin haɗari da jinkirin yi wa motoci masu aibi kiranye. Daga baya jaridar Wall Street Journal ta bi bayanan hukumar ta gano cewa cikin shekaru goma daga 2015 kamfanin ya yi kiranye fiye da kowane maƙerin mota a ƙasar. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, domin wanda aka taɓa cin tara yakan yi saurin kai rahoto, kuma yawan kiranye ya fi ɓoye aibi. Duk da haka kiranye na abin da ke barazana ga rai ne kawai. Rufi mai yoyo ba ya cikin lissafin.

Shi rufi mai yoyo na mai saye ne, kuma daga nan yake gane cewa shi ne mai bin baya da masana'anta ba ta ɗauka ba. A al'adar harkar dila ne ke yin dubawar ƙarshe kafin miƙa mabuɗi, shi kuma yana ƙorafin cewa abin da kamfani ke biyansa na gyaran garanti bai kai wahalar ba, ga ƙarancin kanikawa. Garantin yawanci shekara ɗaya ne, kuma a rarrabe yake: firiji na wani kamfani, shasi na wani, na'urar sanyi na wani, kowa yana nuna ɗan'uwansa. Mota takan yi makonni, wani lokaci watanni, a harabar dila tana jiran kaya, garanti yana ƙonewa, bashin banki yana tafiya. Bashin kuwa yakan kai shekara 15 ko 20, a kan kayan da darajarsa ke zubewa tun ranar da ya bar fili. Ruwan da ya shiga bango a shekarar farko ba ya nuna kansa sai a ta uku, lokacin da katako ya ruɓe, fata ta kumbura, sai a ce wa mai ita laifinsa ne da bai riƙa hawa rufi yana sabunta danƙo ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, in ji masu iya magana. Matsalar ita ce wannan an sayar masa da ita ne da sunan tulu.

Amurkawa suna kiran sabuwar mota mai ciwon da ya ƙi jin gyara lemun tsami, kuma tun daga jihar Connecticut a 1982 jihohi suka yi dokokin da ke tilasta wa kamfani ya karɓi irinta ya mayar da kuɗi ko ya sauya wata. A jihohi da yawa waɗannan dokoki ba su shafi tafi-da-gidanka da ake ja ba, a mai inji kuma sukan tsaya a inji da shasi su bar ɗakin. Dokar Indiyana, jihar da ke ƙera su, ta cire gida mai inji ƙarara. Abin da ya rage wa mai saye shi ne dokar garanti ta tarayya ta 1975, kuma takardun manyan kamfanoni da dama sun tanadi cewa a kotunan Indiyana za a yi shari'ar, ko da mutum a Kalifoniya yake.

Masu saye ma suna da nasu kason. A filin baje koli abin da ke sayar da mota shi ne girman talabijin da kyan kicin da ƙarancin abin da za a biya duk wata. Babu mai ganin wayar da ke bayan bango, don haka kamfanin da ya kashe kuɗi a can ya yi asara a gaban wanda ya kashe a kan fitilun ado. Akwai ƙananan maƙera da ke yin aiki a hankali, suna fitar da kaɗan, amma farashinsu yakan ninka, layin jiransu kuma dogo ne. Manyan ma sun ɗan motsa: wasu sun gina wuraren dubawa na musamman inda ake gwada mota da ruwa kafin ta fita, kuma a 2019 an buɗe makarantar horar da kanikawan harkar a Elkhart.

Wata sana'a kuma ta tsiro a gefe, ta masu duba mota masu zaman kansu. Da can ta hannu ake kiransu su duba. Yanzu mutum yakan biya ɗaruruwan daloli, wani lokaci fiye da dubu, don a duba masa sabuwa da ba a taɓa kwana a cikinta ba. Mai dubawar yakan wuni a kanta: ya hau rufi ya bi kowane layin danƙo, ya danna na'urar auna laima a bango, ya cika tanki ya jira ya ga inda zai ɗiga, ya gwada bututun gas, ya shiga ƙarƙashi da tocila. Rahotonsa yakan cika shafuka, mai saye ya kai wa dila ya ce a gyara kafin ya sa hannu, don ya san da zarar ya sa hannu ya koma layin masu jira. Wasu diloli suna maraba da hakan. Wasu kuwa ba sa barin mai dubawar ya taka harabarsu.